Gangar Baba Hankurau

Ku da kuke haɗa kiɗi a odinata, wato kwamfuta, yanzu, na zauna na ga yadda kuke yi. In ƙasan kiɗi ya yi rauni, wato kaurin nan da kuke ce wa bas, sai ku taɓa wani ɗan maɓalli, ko ku ja zanen sauti hagu kaɗan ko dama kaɗan, ku ce an gama. Ɗan ƙanena ma ya taɓa ce mani wai aikinmu na da ɗaukar kaya ne kawai. Ban yi gardama da shi ba, don kayan da nauyi, har yau bayana bai manta ba. Amma abin da maɓallin nan yake yi maku, mu da turnabis na kwance kusa da haƙorin fere waya muke yin shi. Kuma sai mutum ya fara ji a ƙirjinsa cewa wani abu ya ɓace kafin ya san inda zai nema.

A Madawa na shiga sana'ar, farkon shekarun saba'in, hannun wani mai gyaran radiyo a bakin kasuwa, Maigida Arzika. Ban da gyara, yana da kayan sauti da ake haya: ampili ɗaya mai ƙara ƙarfin sauti, mikoro uku na magana, injin wuta ƙarami da muke ce wa gurup, da bafal biyu, wato manyan akwatunan lasifika da ya ƙera da hannunsa. Ba ya yawan magana. In ka tambaye shi abu, sai ya miƙo maka kayan aiki ya koma gefe yana kallo.

Aikin da na fara fahimtar sana'ar a cikinsa shi ne wata kokowa a Buza. Mun jera bafal biyu a bakin fage, an sa mikoro gaban makaɗa, aka fara. Murya na fita, tafi na fita, amma ganguna sun koma kamar ana buga kwanon ƙarfe. Masu taron suka yi ta zuwa suna cewa, "A ƙara wuta! A ƙara wuta!" Na ƙara. Ƙara ta ƙaru, kauri bai zo ba. Maigida ya tashi ya kama ni da kafaɗa, ya kai ni daf da bafal na hagu. Nan akwai kauri. Ya kai ni na dama, nan ma akwai. Ya ja ni tsakiya, gaban su biyun, sai na ji kamar an toshe mani kunne da auduga.

Ya kashe ampili, ya ciro pil, wato batirin tocila, daga aljihu, ya dangwala shi a kan fil biyu, wato wayoyin bafal na hagu. Takardar lasifika ta yi tsalle ta fito waje. Ya je na dama ya dangwala haka nan, jan fil a kan pil, baƙi a gindinsa. Takardar ta shige ciki. Wanda ya liƙa fil ɗin a cikin akwatin ya juya su.

"Ka gani?" in ji shi. "Wagga tana tura iska, waccan tana janye ta. Mutum biyu ne kan ƙofa ɗaya, ɗaya ciki ɗaya waje, kowa shina turawa. Ƙofa za ta motsa?"

Na ce ba za ta motsa ba.

"To in ka ƙara masu ƙarfi fa?"

Ya juya fil biyun nan, ya kunna, ganguna suka cika fagen har ana jin su a tafin ƙafa. Tun daga ranar ban sake fita aiki ba pil a aljihuna ba.

Wannan shi ne mai sauƙin. Mai wuyar shi ne nisa. Akwai wani mai gurmi a Keita da ya kira mu mu ɗauke shi a kaset, yana da abokin kiɗi mai buga ƙwarya. Mikoro ɗaya na bakin mai gurmi, ɗaya na kan ƙwarya, fil duk daidai, amma ƙwaryar ta fito siririya kamar cokali. Dalili, sautinta yana shiga mikoron da ke kusa nan take, ya isa na nesa a makare kaɗan. Wannan ɗan makarar ya isa ya sa su ci karo, ɗaya na hawa ɗaya na sauka. Maganinsa babu juya fil. Sai ka sa kaske a kunne, wato abin saurare, ka ce wa mai ƙwarya ya yi ta bugu, kana jan mikoron taƙi-taƙi, har ka kai wurin da ƙwaryar za ta yi ciki. In ka wuce wurin, ta sake ramewa. Mun yi wuni muna haka, mai gurmi yana ta tsaki yana cewa bai zo wasan yara ba. Da ya ji kaset ɗin, ya tambaye mu ko mun sauya masa ƙwarya.

Haka masu hayarmu suke. Mai biki yana son a ji shi har ƙauyen gaba, mai wa'azi yana son kada murya ta fashe, makaɗi yana son ya ji kansa ya fi yadda yake. Ba mai tambayarka fil. Da idanun Maigida suka yi rauni ya bar mani shagon, na ƙara abu ɗaya: manyeto mai bandi, na ɗaukar sauti, da na samu hannun wani Nasara mai aikin rijiyoyi da zai koma gida. Layi biyu gare shi. Kowane mikoro da nasa layi a jikin bandi, ba sa gauraya sai lokacin da za a saurara.

Shekarar tamanin da huɗu damana ta ƙi. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye. Babu biki, babu kokowa, babu mai da za a zuba wa gurup. Bafal biyun nan suka koma wurin ɗora tabarmi. Aikin da ya rage shi ne mutane su zo su yi magana a kaset a aika wa ƴan'uwansu da suka tafi kudu: wane ya rasu, shanu sun ƙare, a aiko da abin da ya samu. Na ɗauki irin wannan magana har na daina sa kaske, allurar awon sauti kawai nake kallo.

Cikin wannan hali, bayan kaka da ba a girbe komai ba, wani mutum ya zo da saƙo daga wani ƙauye a kwari, gabas da Tama. Ya ce Baba Hankurau, makaɗin noma na garinsu, yana kirana da na'urar ɗaukar sauti. Na san sunan. Duk mai zuwa gayya a wannan yankin ya san gangarsa.

Na isa da hantsi. Rabin gidajen garin an toshe ƙofofinsu da ƙaya. Ba kukan jaki, ba sautin turmi. Na tarar da shi zaune a zauren gidansa, dogo, ya rame har wuyan rigarsa na zamewa, gangar na jingine da ƙafarsa. Babbar ganga ce mai fuska biyu, da wata siririyar igiya a kan fatar gaba, wadda ke sa ta yi zuza in an buga.

"Ɗana," ya ce, "kowane gida a garin ga da takenshi. In na buga a gona, mai gidan ya ɗaga kwasarshi ta noma ya yi kuwwa. Ubana ya ba ni, ubanshi ya ba shi. Ɗana Illa ya riƙe wasu, sauran bai kai gare su ba yunwa ta kore shi kudu. An ce akwatinka shina riƙe magana."

Na ce, "Yana riƙewa, Baba."

"To shi riƙe wa Illa."

Na sa mikoro ɗaya gaban fatar da ake bugu, ɗaya a fatar baya, don in kama cikin gangar duka. Kowane na ba shi layinsa. Na sa kaske. Da ya sauke sanda sau ɗaya, na ji ta cika mani kunnuwa biyu, na ɗaga masa hannu.

Rana ta take lokacin da ya fara. Sai ya faɗi sunan gida, sannan ya buga takensa. "Gidan Nomau." Ya buga. Ya dakata, kamar yadda ake dakatawa don mai gida ya amsa. Ba kowa. "Gidan Ɗan Tani." Ya buga, ya dakata. Ta ƙofar zaure ina hangen gidan da yake kira, ƙaya a bakinsa. Haka ya bi garin gida-gida, daga gabas zuwa yamma, kowane ya ba shi lokacin amsawa cikakke, bai gajarta wa ko ɗaya ba. Ni dai ina kallon bandi na juyawa, ban ɗaga kai sosai ba.

Da ya gama na ce in maido masa ya ji. Ya girgiza kai.

"Ni na ji. Tafi da shi."

Cikin sanyin shekarar ya rasu. Na saurari bandin a shago da kaske, na ji komai ya zauna daidai, na naɗe shi a tsumma na ajiye.

Da bazara ta yi zafi, aka fara hangen hadari can nesa, mutane suka soma dawowa. Illa ma ya dawo. Mahaifiyarsa Inna Hajo ta fita takaba, suka aiko mani. Na aro batirin kamyo, wato babbar mota, na ɗora bafal biyu da ampili da manyeto a amalanken jaki, muka kama hanya. Illa sa'ana ne, mai faɗin ƙirji, ba shi da fara'a sosai. Ya ce yana son mutanen gari su ji tare da shi, don kowane gida ya tabbatar da takensa kafin a shiga gona.

A zauren nan dai muka shirya, bayan azahar. Maza suka cika ciki, Maigari na zaune kan buzu a gaba, mata na tsaye ta ƙofar cikin gida, Inna Hajo na zaune a bakin ƙofar. Gangar na rataye a turke jikin bango, inda aka rataye ta tun rasuwarsa. Na jera bafal biyu kafaɗa da kafaɗa. Na ciro pil na gwada su. Duka biyun suka fito waje tare. Na kunna.

"Gidan Nomau," in ji muryar Baba Hankurau.

Mata suka ɗauki salati. Sai kiɗin ya shigo.

Ƙas. Ƙas-ƙas. Ƙas.

Sanda ce kawai ke taɓa busasshiyar fata. Babu ciki, babu kauri, babu gangar. Kamar mutum na ƙwanƙwasa ƙofar gidan da ba kowa. Muryar ta sake cewa, "Gidan Ɗan Tani," ƙwanƙwasar ta sake biyowa. Na ƙara wuta, ko da yake na san ba zai yi ba. Ƙwanƙwasar ta ƙara ƙarfi, ta ƙara muni.

Wani tsoho daga baya ya ce, a hankali, "Ya tafi da ita."

Wani kuma ya ce, ba a hankali ba, "Ko dai akwatin ga ya shanye ta. Tun randa anka kawo shi garin ga, Baba bai ƙara tashi da ƙafarshi ba."

Na ji mutanen da ke kusa da ni sun ja jiki. Wasu biyu sun matsa sun tsaya a ƙofar waje, ban san ko da niyya ba ne. Maigari ya ɗaga hannu, na tsayar da bandi.

Illa ya miƙe. "Taken Nomau da na Ɗan Tani duk ɗaya na ji," ya ce. "A ciki bambancin yake, ba a sanda ba. Ba abin da zan koya nan." Ya juya ga tsohon nan. "Kawu, in ganga ta bi mai ita, mi ake yi?"

"Fasa fatar ake, a huta."

Illa ya zaro wuƙa daga kugu ya nufi bango.

Na ce, "Illa, don Allah dakata mani kaɗan." Na ɗauki kaske na sa, na maido bandi baya. Gangar na nan, cike, kamar ranar da aka buga ta. Na cire kaske na saki ta bafal. Ƙas-ƙas. Na sake sawa, tana nan. Bafal lafiya suke, da idona na ga sun fito tare. Na tsaya da kaske a hannu, ina kallon gangar da Illa ke tsaye gabanta. Daga inda nake ina ganin fuskokinta biyu.

Nan na gane. In sanda ta bugi fatar gaba, ciki take shigewa. Iskar da ke cikin gangar ta tura fatar baya, ita kuma ta fito waje. Mikoron gaba ya ji an ja, na baya ya ji an tura, a lokaci guda. A kaske kowane kunne da nasa layi, ba sa haɗuwa, shi ya sa ban taɓa jin rashi ba. A zaure kuwa iska ɗaya ce. Bafal biyu masu lafiya suna faɗin gaskiyar abin da ke bandi, gaskiyar ce ke cinye kanta.

Na ce, "Ranka shi daɗe, a ba ni izini in sake sau ɗaya."

Maigari ya dubi Inna Hajo. Ta ɗaga kai kaɗan.

Na durƙusa bayan bafal na dama, na kwance fil biyu, na sa ja inda baƙi yake, baƙi inda ja yake. Da gangan na haɗa shi a juye, abin da na yi shekaru ina gyara wa wasu. Na maido bandi farko, na kunna.

Gangar ta faɗo cikin zauren kamar an kayar da bango. Ƙasa ta zubo daga rufi. Wani dattijo a tsakiya, Nomau ne ashe, ya ɗaga hannu sama ya yi kuwwa kafin ya san ya yi.

Sai muryar ta ce, "Gidan Ɗan Tani." Amma ba daga bafal ta fito ba. Ta fito daga ko'ina, daga bango, daga rufi, daga bayan wuyan mutum. Rabin zauren suka waiwaya. Wannan na san dalilinsa. Muryarsa ta shiga mikoro biyun daidai, to da na juya fil don in daidaita ganga, ita ce ta koma a juye, kuma murya in ta zama haka ba ta da mazauni, kunne ba ya sanin inda zai ajiye ta. Na san haka sarai. Duk da haka ni ma na waiwaya.

Ana cikin take na uku ko na huɗu na ji wani sauti da babu shi a bandi. Zzz. Zzz-zzz. Illa ya ja da baya, wuƙar na hannunsa. Gangar da ke rataye ce. Igiyar nan siririya tana rawa a kan fata, tana bin taken bugu-bugu, ba hannun kowa kusa da ita. Wannan ma na san shi. Fata in ta ji kaurin da ya yi daidai da ɗaurinta, takan amsa. Na sha ganin tire da kwanon rufi suna haka. Balle wannan, muryarta ce da kanta ake maido mata.

Wata mata ta yi ihu. Waɗanda suka tare ƙofa su suka fara fita.

"Kashe shi!" in ji Maigari.

Ban tsaya neman maɓalli ba. Na fizge fil daga kan batiri. Bandi ya tsaya, bafal suka mutu.

Gangar ba ta tsaya ba. Ba bugu take ba, gunji ne mai kauri, ƙasa-ƙasa, igiyar na ta zuza a kansa, kuma ba raguwa yake ba. Ba wanda ya motsa. Inna Hajo ta dafa ƙasa ta miƙe, da ƙyar, don gwiwoyinta ba su da lafiya. Ta ratsa ta tsakiyar maza, suna janye ƙafafu. Duk tsawon tafiyar nan tata gangar na yi. Ta isa, ta ɗora tafin hannunta a kan fatar.

"To, mun ji," ta ce. "Huta."

Gunjin ya tsaya. Ta juya ga ɗanta.

"Mai da wuƙar nan. Sauke ta."

Na yi ƴan kwanaki a garin. Ba mu sake kunna bafal a zaure ba. Muka fitar da su gindin wani gawo a bayan gari, Illa na zaune da gangar a kafaɗa, in saki take ɗaya in tsayar, ya maimaita, masu gidan da ake kira su ce ya yi ko bai yi ba. In batiri ya yi sanyi sai ya koma kaske. Kafin ruwan shuka ya sauka ya riƙe su duka, har na gidajen da ba wanda ya dawo cikinsu. Damanar ta yi kyau, kuma an gaya mani shi ya yi kiɗin gayya a kwarin gaba ɗaya.

Ranar da zan tafi ya rako ni har bakin dutse, yana riƙe da igiyar jaki. Sai da muka kusa rabuwa ya ce, "Tsahiru, kai ka yi, ko shi?"

Na ce, "Fil biyu na juya." Na yi masa bayanin fatar gaba da ta baya, da yadda fata ke amsa ƴar'uwarta. Ya saurara har ƙarshe, yana gyaɗa kai.

"Na yarda," ya ce. "Amma sa'ad da Inna ta tashi, fil ɗin na hannunka. Na gani."

Ya miƙo mani igiyar muka yi sallama.

Bayan haka, duk makaɗin da ya zo shagona da ganga nakan roƙe shi aronta na ɗan lokaci. In ɗauki bugunta a bandi, in rataye ta a bango, in maido mata muryarta ta bafal biyu. Na gwada manya da ƙanana, sabuwar fata da tsohuwa, da zafi da sanyi. Kusan duka sun amsa. Kuma duk wadda ta amsa, da na cire fil take yin shiru.